Saukowa Daga Miliyan

Ku da kuka fara koyarwa bana da bara, na ji abin da kuke faɗa a ɗakin malamai, wai tsara tambayoyin lissafi ba aiki ba ne, mutum ya danna waya kawai ta zubo masa guda hamsin. Ban ji haushi ba. Wayar tana zubowa, na gani da idona. Amma tunda kun ce in ba ku labarin sana'ar kafin in daina zuwa makarantar nan, to ku gyara zama. Kun san ni da Malam Isa mai lissafi, sai dai koyarwa rabin aikina ce kawai. Ɗaya rabin, wanda ya fi cin kwanakina, shi ne tsara tambayoyin jarrabawa ga makarantun Keffi da kewaye, har su Garaku da Panda.

Takardar farko da na tsara ta 'yan aji ɗaya na sakandare ce, kuma sai da ta bi ta hannun shugaban sashenmu, Mista Ajayi. Bayarabe ne daga wajen Ogbomosho, ya zo Keffi tun yana saurayi, ya yi aure, ya haifi 'yarsa a nan. Kowa Baba Ajayi yake ce masa. Hausarsa ta kama ƙasa, sai dai harshen bai taɓa sakin muryar garinsu ba. A takardar na sa tambaya: a farfasa 10,403, a fito da lambobin da aka ninka suka ba da ita. Ya karanta, ya ɗauki jan biro ya zagaye lambar, ya turo mini.

"Isa, ka san wannan?"

Na ce, "Lamba ce kawai na zaɓa, sa."

"Su wa ke shiga cikinta?"

Na ce ban duba ba. Ya ce in je in nemo, kada in dawo sai na samu. Na zauna a benci na gwada biyu, uku, biyar, bakwai, na yi ta hawa, kowacce na raba da ita sai an sami saura. Sai da na kai ɗari da ɗaya sannan ta buɗe: 101 sau 103. Na kai masa ina gumi. Ya ce, "Kai malami ne, ga yadda ta yi da kai. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu fa, mai tambaya ashirin a gabanta? Za ta tsaya a nan har a karɓe takarda, ta koma gida ta ce wa uwarta ita ba ta da kai. Kuma ba ita ce ba ta da kai ba."

Daga ranar ya kafa mini doka: ba na sa lamba a gaban yaro sai na yi mata tambayoyi tukuna. Cika ce ko mara? In an tara alƙalumanta, uku na shiga cikin jimlar, ko tara? Da me ta ƙare? In ta ƙare da biyu, uku, bakwai ko takwas, to babu wata lamba da aka ninka da kanta ta ba da ita, kada ma a ɓata lokaci. Lambobi nawa ne ke raba ta ba saura? In ka tara su duka, ban da ita kanta, sun wuce ta, sun gaza, ko sun yi daidai da ita? Littattafanmu da Turanci suke, amma mu biyu mun raɗa wa waɗannan sunayen Hausa don hirarmu. Wadda masu raba ta suka wuce ta, mai yalwa. Wadda suka gaza, mai giɓi. Wadda suka yi daidai, irin su 28 da 8,128, muna ce mata cikakkiya, kuma ba su da yawa. Wadda kuwa babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta, wadda kuke kira firam a aji, mu marar rabuwa muke ce mata. Baba ya sa na haddace marasa rabuwa na ƙasa da dubu, guda ɗari da sittin da takwas, kamar yadda yaro ke haddace sunayen ƙannensa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Jan biro, fensir, reza ta feƙe shi, da bayan tsofaffin takardun jarrabawa, don ba mu taɓa ɓata sabuwar takarda a kan gwaji ba. Sai tafireta da sitensil, da injin da ake juyawa da hannu yana fito da kwafi, tawadarsa na baƙanta yatsu har kwana biyu. Sitensil ba ya yafiya. In mai buga tafireta ta danna takwas a wurin uku, lambar da ka yini kana gyarawa ta zama wata daban, kuma yara ɗari uku za su same ta a haka. Shi ya sa nake ɗaga kowane sitensil sama wajen taga, in karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, Baba yana riƙe da asalin yana cewa "haka ne". In an sami kuskure a shafa wani jan ruwa mai warin jan farce, a hura, a jira ya bushe, a sake bugawa.

Masu kawo aiki kala-kala ne. Akwai shugaban makaranta da ke son takarda mai tsauri don a ce makarantarsa ba wasa. Akwai mai makarantar kuɗi da ke son kowane yaro ya ci, don kada iyaye su kwashe 'ya'yansu. Dukansu biyu sai ka saurare su, ka ce to, sannan ka je ka yi abin da ya dace da yaran.

Wata Hajiya mai makarantar firamare a Panda ta taɓa zuwa har gida ta same ni. Ranar raba kyaututtuka ta matso, tana son abin da zai burge iyaye. Ta ce, "Malam, lamba nake so ƙatuwa, wadda in an rubuta ta a allo iyaye za su riƙe baki, amma kuma yarana su iya." Na ba ta 720,720. Wannan lamba mai yalwa ce ta gaske, masu raba ta ɗari biyu da arba'in ne. Sirrinta shi ne 720 ce sau 1,001, ita kuma 1,001 bakwai ce sau goma sha ɗaya sau goma sha uku. Duk lambar da ka ɗauka daga ɗaya zuwa goma sha shida tana shiga cikinta lafiya lau. Na ce ta jera yara goma sha shida, na farko ya raba da ɗaya, na biyu da biyu, haka har ƙarshe, kowa zai fito ba saura. Na ƙara da cewa, "Hajiya, goma sha shida fa. Kada a ƙara ko ɗaya."

Ranar taron ina zaune a gefe sai na ga yara goma sha bakwai a layi. Ashe wani babban baƙo ya zo, 'yarsa kuma 'yar makarantar ce, aka ga bai kamata a bar ta a zaune ba. Yara suka yi ta fitowa, kowa ya gama ya ce ba saura, ana tafi. Da aka zo kan ta ƙarshe, ta raba, ta goge, ta sake rabawa, fili ya yi tsit. Hajiya tana ta harara ta wajena kamar ni na yi. Can yarinyar ta juyo ta ce, "Saura biyar." Aka fara gunaguni. Na miƙe na ce daidai ne, saura biyar ɗin ne, kuma ita kaɗai aka ba wa mai wuya. Sai aka yi mata tafin da ya fi na kowa. Hajiya ba ta sake kawo mini aiki ba sai bayan zango biyu.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Baba ya yi ritaya, bai koma garinsu ba, ya ce wa ya sani a can. Matarsa tana da shagon kayan masarufi a Gangaren Tudu, su kuma suna zaune a ɗakunan da ke bayansa. Da ta rasu aka rufe shagon. 'Yarsu Funke ta yi aure can kudu. Ciwon suga ya fara cin idonsa a hankali, har ya zama ba ya ganin rubutu, daga baya ba ya ganin fuska. Ni ma a lokacin gidana ya yi shiru, uwargida ta riga mu gidan gaskiya, yara sun watse Abuja da Lafiya. Aiki kuma ya fara ja da baya, don makarantu sun gano ana samun tambayoyi a waya. Sai ya zama duk Asabar in na yi la'asar nakan hau babur in tafi wajensa. In same shi a kujerar roba a ƙofar rufaffen shagon, rediyo a cinya. In zauna a dakali in karanta masa abin da na tsara a makon, shi kuma ya ce wannan ta yi, wannan canza ta.

Wata Asabar na je ba ni da abin karantawa, don babu wanda ya kawo aiki. Muka gaisa, muka yi maganar zafi da tsadar fetur, magana ta ƙare. Can ya ce, "Isa, wace ce marar rabuwa ta ƙarshe kafin a kai miliyan?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba. Mu sauko mu same ta."

Ga yadda aikin yake, don ku gane. Lambar da ba ta kai miliyan ba, in har tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin masu raba ta ya kasance ƙasa da dubu, domin dubu sau dubu shi ne miliyan. Saboda haka ba sai ka gwada duniya duka ba. Marasa rabuwa ɗari da sittin da takwas ɗin nan da muka haddace su kaɗai za ka gwada. In duk suka bar saura, ka samu.

Muka fara daga sama. Masu cika duk mun tsallake su. 999,999 ko kallo ba ta buƙata, tara na shiga. Sai 999,997. Wannan ta wahalar da mu. Ni ina raba wa a takarda, shi kuma yana yi a ka, kuma sau da yawa yana riga ni. Na tambaye shi yaya yake yi ba ido. Ya ce, "Ba na raba ta. Miliyan ce ba uku, ko ba haka ba? To ni miliyan nake rabawa. In raba dubu da lambar da muke gwadawa, in riƙe saurar, in ninka saurar da kanta, in sake rabawa. In abin da ya rage uku ne, ta faɗi." Na shekara talatin tare da mutumin nan, ban san yana da wannan a aljihu ba.

Asabar bayan Asabar muna hawa. Mun wuce ɗari uku, mun wuce ɗari biyar, ba ta motsa ba. Har mun fara cewa ita ce. Akwai wani mai gyaran waya, Inyamuri, da ya kama hayar shagon da ke kusa, yana jin mu kullum. Ranar nan ya kasa haƙuri ya leƙo ya ce, "Papa, ku ba ni lambar nan mana, yanzu-yanzu waya za ta faɗa muku." Baba ya juya fuskarsa wajen muryar ya ce, "Na sani, ɗana. In ta faɗa mana, Asabar mai zuwa me za mu yi?" Mutumin ya yi dariya ya koma shagonsa. Daga baya shi yake kawo mana ruwan leda mai sanyi in ya ga mun daɗe.

A kan 757 ta faɗi. Baba ne ya kama ta. Ya ce, "Dubu ba 757, saura 243. Ninka ta da kanta, 59,049. Cire 757 sau saba'in da takwas." Sai ya buga hannun kujera. "Uku! Isa, duba a takarda!" Na duba, 757 sau 1,321, ba ko ɗigo. Ya yi ta dariya har da tari, yana cewa munafuka, ta kusa kai mu ƙarshe. Ranar har magariba ta kusa ban tashi ba, shi ya kore ni, ya ce in je in yi salla, lambobi ba sa gudu.

Na bayanta ba su ja ba. Masu ƙarewa da biyar da waɗanda uku ke shiga mun watsar da su a zama ɗaya. 999,991 ta faɗi a kan goma sha bakwai, 999,989 a kan goma sha tara. Sai muka iso 999,983, wato miliyan ba goma sha bakwai. Muka gwada ƙananan duka, ba ta buɗe ba. Muna cikinta shekarar annoba ta shigo.

Wannan ita ce mummunar shekara a sana'ata. An rufe makarantu, babu jarrabawa, babu mai neman tambaya. Takardun da na riga na tsara na zango na biyu suna nan a kan tebur, ba wanda ya zo karɓa. Ana ta raɗe-raɗin za a rufe hanyoyi, sai Funke ta zo da mota ta ce ba za ta bar mahaifinta makaho shi kaɗai ba. Gaskiyarta ce. Ta kira ni na je na taya su ɗaure kaya. Baba bai yi gardama ba, yana zaune a kujerarsa ana fitar da kayan ɗaki ta gefensa. Da aka zo shiga mota ya lalubo hannuna ya ce, "A ina muka tsaya?"

Na ce, "A 211, Baba."

"To ni zan ɗauki 223, kai ka ɗauki 227. Ɗaya nawa, ɗaya naka. Ranar Asabar ka kira."

Haka muka ci gaba ta waya. Duk Asabar bayan la'asar in zauna a tsakar gida in kira, Funke ta ɗauka ta ce, "Kawu, ga shi," ta miƙa masa. Ya faɗi nasa da saurarsu, in faɗi nawa. Ba ma wuce 'yan kaɗan a mako, don ya ce kada mu yi sauri. Wani lokaci ya tambaye ni ko an yi ruwa a Keffi, ko mai gyaran waya yana nan. Ya ce a can kowa Yarabanci yake masa, yana amsawa, amma lissafin da Hausa yake zuwar masa, jikokinsa suna dariya in sun ji yana gunguni. Sauran kwanakin mako kuwa ba ni da abin yi. In share tsakar gida, in yi nawa rabon tun ranar Lahadi, sannan in zauna ina jiran Asabar.

Muryarsa ta fara raguwa wajen ɗari huɗu. Ranar ƙarshe da muka yi magana guda ɗaya kawai ya kawo. Ya ce, "443, saura 132." Na duba a takarda na ce haka ne. Ya ce, "Ban yi sauran ba, na gaji. Ka riƙe mini wurina." Asabar ta gaba na kira ba a ɗauka ba. Ranar Talata da hantsi Funke ta kira da kanta, da na ji yadda ta ce "Kawu" na san abin da ya faru. Hanyoyi a rufe suke, ban je jana'iza ba. Na yi mata ta'aziyya ta waya, na je na gaya wa mai gyaran waya, muka yi wa juna ta'aziyya a ƙofar shagon, sannan kowa ya kama gabansa.

Na yi makonni ban taɓa takardar ba. Da na koma kanta sai na ci gaba yadda muka saba, ranar Asabar bayan la'asar, 'yan kaɗan a zama. Nawa in yi su a takarda. Nasa in yi su a ka, da hanyarsa, ina kallon bango, sannan in duba. Na fi yin kuskure a nasa. An buɗe makarantu, wasu suka dawo mini da aiki, da yawa ba su dawo ba, sun saba da waya a zaman gidan. Na wuce 757 ina ɗar-ɗar, ba ta faɗi ba. Na wuce ɗari takwas, ɗari tara. Ta ƙarshe ita ce 997. Ta shiga sau 1,002, saura 989. Na sake yi don in tabbata. Babu mai raba 999,983 sai ɗaya da ita kanta.

Na ajiye fensir. A garin nan kaf ban san wanda zan gaya wa ba. Na ɗauki waya na kira lambar Baba, ina zaton an rufe layin. Sai aka ɗauka. Funke ce, ashe ta bar layin a wata tsohuwar waya saboda masu kiran gaisuwa.

"Kawu! Lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau. Lambar nan ce da muke yi da Baba. Na gama. Ba ta rabu ba."

Ina jin yara suna wasa a bayanta. Sannan ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ni ban san lissafi ba. Wannan labari mai daɗi ne ko marar daɗi?"

Na ce, "Mai daɗi ne. Ita muke nema."

Ta ce, "To mun gode wa Allah." Ta tambaye ni ko ina cin abinci sosai, na ce ina ci. Ta ce in gaida mutanen Gangaren Tudu, na ce za su ji. Muka yi sallama, na tattara takardun na sa a ƙarƙashin tebur, na tashi na ɗora ruwan shayi.